Daga Damagaram zuwa Kano da jika 200: yadda tafiyar araha ta wani tela ta kaya

A nan Damagaram in ka ce za ka Kano ba wanda ke kallonka kamar mai fita ƙasar waje, sai dai a ce "to a yo mana tsaraba", kamar ka ce za ka Mirya ko Tanut. Kuma da gaskiyarsu, Kano kilomita wajen 240 ce daga nan, Yamai kuwa da muke kira babban birninmu ta kusa 900. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, agogo ma ɗaya ne, ba ka ƙara minti ba ka ragewa. To wannan sabon shi ne ke cutar wanda bai taɓa zuwa ba, don yakan tashi bai yi wa iyaka shiri ba, iyaka kuwa tana nan daram da kuɗinta daban da takardunta daban da masu kakinta kala-kala.

Lamarin da zan baje a nan na ɗan yayata ne, tela, shekara ashirin da 'yan kai, ya yarda in rubuta amma ban da suna. Kafin wannan tafiyar iyakar inda ya taɓa zuwa a kudu Matamaye ce. A watan Fabrairun 2025, ana saura kaɗan a kama azumi, ya tara jika 200 (jika ɗaya sefa dubu ce) yana son ya je ya sayo kan keken aikin wuya ɗan gwanjo, da zare, da ɗan yadi in kuɗi sun rage, don ya kama ɗinkin salla da kayan aikinsa ya daina kai wa wani aiki ana raba kuɗi. Lissafinsa jika 170 kaya, jika 30 hanya da ci da sha zuwa da dawowa. Lissafin bai yi muni ba ko kaɗan, ni da na fi shi sanin hanyar da haka zan tsara shi. Inda aka samu matsala shi ne ya sa ido a kan kuɗin mota kawai, ya ɗauka nan ne araha take.

Dalilin da ya sa kowa ke kallon Kano yanzu ba ɓoyayye ba ne. Wajen 2014 jika ɗaya ba ta sayen naira 400. Da gwamnatin Tinubu ta cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ta kuma saki naira kasuwa ta yi mata farashi a watan Yunin shekarar, sai naira ta yi ta zubewa har jika ɗaya ta haura naira 2,500, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ba ta motsi. Kaya sun yi tsada a Najeriya sosai, masu ita suna kuka, amma mai sefa a aljihu in ya shiga kasuwar yadi ta Kantin Kwari har yanzu ji yake kamar an rage masa. Shi ya sa yara irin ɗan yayata suke ganin in dai sun taka Kano sun ci riba.

Tun kafin ya tashi ma sai da muka yi ta ja-in-ja a kan wake. Uwarsa ta ce ya ɗauki rabin buhu ya sayar can ya fanshe kuɗin mota, dabarar da iyayenmu suka saba kenan. Na ce Yaya ki rufa masa asiri, tun Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje in ba Mali da Burkina ba, in aka gan shi da buhu a bakin iyaka waken ya tafi, mai motar ma ba zai yarda ya ɗora ba. Ƙarshe dai kilishi ya ɗauka ƙunshi biyu na mai masauki, wannan ba mai tambayarka.

Hanyoyin da aka fi bi daga nan uku ne. Akwai ta Magarya da Tinkim, akwai ta wajen Dungas da ke faɗawa Maigatari a Jigawa, sai wadda ya bi: ka fita yamma ta Tirmini zuwa Takeita kamar za ka Maradi, ka karya kudu ta Kance da Matamaye har Ɗan Barto, ka tsallaka Kwangwalam, daga nan Mai'aduwa, Daura, Kazaure, Ɗambatta, ka shiga Kano ta Dawanau. Daga Kwangwalam zuwa Dawanau kilomita 132 ne, titin da aka ƙaddamar da aikin mayar da shi tagwaye a farkon 2023. A tasha aka ce masa motar da za ta kai shi Kano kai tsaye jika 9. Wani abokinsa kuma ya ce ai wauta ce, ya yi ta guntu-guntu: mota zuwa Ɗan Barto, kabu-kabu ya tsallakar da shi, wata motar zuwa Daura, wata zuwa Kano, duka ba zai wuce jika 6 ba. Kada wani ya riƙe waɗannan lambobin ya je tasha yana faɗa da kamasho, kuɗin ranar ne, farashin mota kuwa da kuɗin esansi yake tafiya. Abin lura dai jika 3 ce tsakani, kuma saboda jika 3 ɗin nan ya zaɓi guntu-guntu.

Da ya gaya min na ce kai yaro, tafiyar farko ba a yi mata haka. Ya ce Kawu ai jika 3 zare ce mai yawa. Na ƙyale shi, kuɗinsa ne.

Abin da bai gane ba, kuɗin motar kai tsaye ba na kujera ba ne kaɗai. Direban da ke bin hanyar nan kullum an san fuskarsa a kowane shinge, ya san inda ake sauka a miƙa kati da inda ake ɗaga hannu a wuce, in an tsare fasinjansa shi ke sauka ya yi magana don ba ya son a ɓata masa lokaci. Sannan da sefa kake biyansa tun daga nan, wato ba ka da wata larurar naira har sai ka sauka Kano. Mai guntu-guntu kuwa a kowace mota sabon baƙo ne, direban Daura bai san shi ba bai kuma damu ba, in aka sauke shi a shinge iyaka ya jira minti biyar ya fara danna oda sauran fasinjoji suna tsaki. Kuma dole ya nemi naira a bakin iyaka, a inda canji ya fi ko'ina tsada.

Ga kuma jira. Mota ba ta tashi sai ta cika, kowa ya san wannan, amma mai kai tsaye sau ɗaya yake wannan jiran, shi kuwa a kowace tasha sai ya sake sabon zama. Ranar Lahadi ya tashi, ranar kasuwar Mai'aduwa, wai don motoci sun fi yawa. Zuwa bakin iyaka haka ne, nan da nan suka cika. Amma daga can zuwa gaba 'yan kasuwa da kayansu sun rigaye shi, hanya cike da manyan motocin dabbobi, shi kuma bai bar gida ba sai da hantsi ya dubi ludayi don sai da ya tsaya ƙarasa wa wata mata ɗinki. La'asar a Kwangwalam ta same shi.

Yanzu maganar takardu, wadda a ganina nan ne zuciyar lamarin. Yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ɗan ƙasa ɗaya damar shiga wata ba biza ya zauna har kwana 90, amma a rubuce ta ce sai da takardar tafiya, wato fasfo ko ɗan littafin tafiya, da kuma katin rigakafi na ƙasa da ƙasa, wanda muke kira karne. Mu kuma Nijar mun sanar da fita daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina a Janairun 2024, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da aka fito da fasfon AES, wato ƙawancen ƙasashen ukun. A ranar CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katunanmu masu tambarinta, a kuma bar mutane su yi ta shige da fice har sai an sake sanarwa. To shi yaron ya tsallaka ne 'yan makonni bayan haka, lokacin da kowa ke faɗin nasa, wani ya ce an daina shiga wani ya ce sai da biza. Ba ɗaya, ana shiga. Amma abin da ke hannunsa katin ɗan ƙasa ne kawai, ba fasfo, don kuɗin fasfo kaɗai ya fi duk guzurin hanyarsa, ba kuma karnen rigakafi.

A aikace dubban mutane da katin ɗan ƙasa suke wucewa kullum, wasu ma ko shi babu, musamman 'yan ƙauyukan bakin iyaka da gonarsu ke can gidansu ke nan. Amma tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka saba akwai rami, kuma a ramin nan kuɗin talaka ke zubewa. In takardarka ba ta cika ba ba za a mayar da kai gida ba, tsayar da kai za a yi a gefe a yi ta juya katinka ana kallonka har ka gane. Kai kuma ba ka da bakin gardama don ka san da saura a wajenka. Haka aka yi masa a shingaye da dama, nan dubu ɗaya can dubu biyu, wani wurin ma ɗari biyar, da ya zauna ya tara sai ya ga naira 6,500 sun tafi kuma ba wanda ya ba shi ko guntun rasit. Tambayar da ta fi yawa kuwa ita ce ina katin rigakafi. Abin haushin, allurar shawara da katin ke nunawa sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce katin ba ya mutuwa, ba a sake shi duk shekara goma kamar da. Wato abin da za ka biya sau ɗaya ka huta, shi ya biya shi gutsure-gutsure a hanya kuma ya dawo har yau bai da katin. Ban ce mai karne ba a taɓa tambayarsa na goro ba, ana yi, amma shi yana iya cewa ranka ya daɗe ga takarduna ya yi shiru, sau da yawa a gaji a miƙo masa.

Abu ɗaya da ya yi daidai ranar, kuma na yaba masa, shi ne ƙin bin zagaye. Da 'yan kabu-kabu suka ji ba ya da karne sai suka yi masa caa, ɗan uwa zo mu bi da kai ta daji ba mai ganinka. Waɗannan hanyoyin sun bunƙasa ne lokacin da aka rufe iyaka, na farko daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da Buhari ya rufe saboda shinkafa, na biyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, Najeriya ta buɗe nata ranar 13 mu muka buɗe namu ranar 22. A lokacin dole ce ta sa, ba wata hanya. Amma iyaka a buɗe, yaro shi kaɗai da duk jarinsa a aljihun wando, ya hau bayan wanda bai sani ba ya shiga daji da yamma? In aka tare shi a can ba maganar dubu ɗaya ake ba, kuma ba fasinja ko ɗaya da zai ce na ga inda aka yi da shi. Ya ce shi dai gabansa ne ya faɗi ya ce a'a. Madalla da faɗuwar gaban.

Sai canji, inda ya fi jin jiki ba tare da ya sani ba sai washegari. Abin da yake buƙata a bakin iyaka kuɗin mota biyu ne da na ruwa, jika 5 ta ishe shi har da saura. Amma mai canjin da ya samu ɗan gari ne mai daɗin baki, ya ce masa ƙanena in ka shiga Kano da sefa za su gane kai baƙo ne su yanke ka, gara ka canza a nan wurin 'yan uwanka. Ya ba shi naira 2,450 a kan kowace jika, yaro ya lissafa ya ga kuɗi tuli ya miƙa jika 100 cur. Washegari a Wapa, can Fagge inda 'yan canjin Kano suke, 2,600 ake bayarwa. Naira 150 a kan jika ɗaya kamar ba komai ba, amma sau 100 naira 15,000 kenan, kusan jika 6, ninki biyu na abin da ya tsira da shi a kuɗin mota. Ni ban ga laifin mai canjin sosai ba, sana'arsa kenan, ya san wanda ya zo bakin iyaka da la'asar ba ya da zaɓi. Ko a nan kasuwar Dole da ya tambayi mutum uku kafin ya tashi da ya san farashin ranar ya riƙe a kansa.

Ga wata wahalar da ba wanda ya gaya masa. Babbar takardar sefa ta jika 10 ce, jika 100 takarda goma ce kacal, ka naɗe ka sa a aljihun ciki ba mai sani. Babbar takardar naira kuwa ta 1,000 ce, wato naira 245,000 takarda 245 ce in duk 'yan dubu-dubu aka ba ka, shi kuma rabi 'yan ɗari biyar-biyar aka haɗa masa. Sai ga yaro da dami biyu manya yana tura su cikin jakar kaya a gaban jama'a, ya shiga mota yana rungume da jaka kamar mai jego, duk wanda ya kalle shi ya san abin da ke ciki. Har ya so ya yi rigima wai an ba shi tsofaffin kuɗi, don ya ji labarin canjin kuɗin da aka yi a ƙarshen 2022 da wahalar da aka sha a farkon 2023. Sai da wani dattijo a wurin ya ce masa ɗana karɓi abinka, kotun ƙoli ta ce tsoho da sabo duk suna aiki.

Bayan isha ya sauka Kano. Layinsa na nan ya ɗauke tun 'yan kilomita bayan Kwangwalam, bai buɗe masa tsarin kiran waje ba, kiredin ma ɗan kaɗan ne. Ya ɗauka zai sayi layin Najeriya a tasha kamar yadda ake sayen goro, to can tun ƙarshen 2020 an ɗaure layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, abin da mai shago zai fara tambayarka kenan. Ga lambar mai masauki a waya, ga waya ba ta kira, ga dare, ga garin da ko gabas bai gane ba. Ya nemi kabu-kabu, babu, a cikin birnin Kano tun 2013 aka hana babur ɗaukar fasinja, sai adaidaita sahu. Allah ya haɗa shi da wani mai shayi a bakin tasha, ya sha shayi da burodi ya roƙi arziki aka kira masa mai masaukin, shi kuma ya yi wa mai adaidaita kwatance ta waya. Shata ya ɗauka, naira 3,000, tafiyar da rana in ya shiga cikin mutane 'yan ɗaruruwa ce. Mai shayin ne ma ya ce masa ya mayar da wayarsa aljihu ya daina haska ta a titi, saboda masu ƙwace.

In ka tara, 15,000 na canji da 6,500 na shingaye da 3,000 na shata, naira 24,500 kenan, sama da jika 9. Don ya tsira da jika 3. Wani zai ce ai canjin ba laifin guntu-guntu ba ne, gaskiya ne rabi, amma da yana cikin motar kai tsaye ba abin da zai kai shi teburin mai canji, kuma da direba ya ga yana ƙirga jika 100 a wurin da ya daka masa tsawa.

Daga washegari labarin ya sake, kuma dalili ɗaya ne: ya samu ɗan gari. Mai masaukin wani Alhaji ne, mutumin unguwar Birni ta nan Damagaram, da ya daɗe a Fagge yana harkar yadi. Fagge kuwa tun zamanin ayari nan ne masaukin mutanen arewa, fataken da ke tasowa daga Zangon Damagaram da raƙuma nan suke sauke kaya kafin su shiga Kurmi, tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su zo su kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Wato al'adar sauka wurin naka ba sabuwa ba ce, kuma har gobe ita ce babbar arahar matafiyi, ba kuɗin ɗaki, tuwon dare kyauta, ga ido. Alhajin ya kai shi Wapa ya canza sauran a farashi mai kyau, ya kuma hana shi karɓar takardu, aka tura nairar cikin asusun Alhaji, duk inda suka yi ciniki sai dai a yi taransifa ta waya. Yawancin 'yan kasuwar Kano yanzu haka suka fi so, ko mai rake yana da lambar asusu a manne. Damin da ya kwaso daga iyaka shi suka fara kashewa don a rabu da shi.

A wurin keken Alhaji ya ce masa kai dai ka yi shiru ka duba kaya, ni zan yi magana, don kana buɗe baki ka ce jika ko sefa farashi ya tashi. Nan kuma yaron ya nuna shi ma gwani ne a nasa fannin, ya sa aka haɗa kai uku da wuta ɗaya bayan ɗaya, ya zauna ya yi aiki a kan ƙyalle, na farko yana tsallake zare, na biyu yana ƙara in ya yi zafi, na ukun ya ɗauka duk da fentinsa ya fi na sauran koɗewa. Wannan ne kaɗai abin da ba za a iya yi masa ta WhatsApp ba, kuma shi ne ya halatta tafiyar gaba ɗaya. Zare da allurai da su maɓalli a Ƙofar Wambai suka saya, suka leƙa Kantin Kwari amma yadin da ya yi niyya sai rabi ya samu, jika 9 ɗin nan ta hanya daga nan ta fita. Alhaji ya sa kowane mai shago ya rubuta masa rasit da hatimi, yaron yana ganin ɓata lokaci ne.

Dawowa bai yi gardama ba, motar kai tsaye ya shiga, da asuba. An caje shi kuɗin kaya daban, wannan daidai ne. A duwan ɗinmu, wato kwastam, aka sauke keken aka tambayi nawa ya saya, ya fito da rasit, aka yi lissafi a kai ya biya aka ba shi takarda, direba na tsaye a gefensa. Ba don rasit ɗin ba sai dai a yi wa keken kuɗi da ido, kuma ido ba ya yi wa mai kaya rangwame. Kafin la'asar yana gida. Nairar da ta rage masa 'yar kaɗan ce, na ce ya ajiye ta kada ya canza, mayar da ita sefa wata asarar ce, kuma ranar da zai koma ita ce kuɗin ruwansa da na adaidaita, ba sai ya tsaya wurin kowa a iyaka ba.

Tambayar da na yi ta juyawa ita ce ko tafiyar ma ta cancanta. Hanya da ci da asara da duwan sun tasam ma jika 40 a kan kayan da ba su wuce na jika 160 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In zare da yadi ne kawai wallahi ba ta cancanta ba, mutanen kasuwar Dole da yawa ba sa zuwa ko'ina, hoto ake turo musu su zaɓa, su ba ɗan canji sefa a nan ya tura naira asusun mai kaya a can, a ba direba saƙo gobe ko jibi ya iso, kuɗin saƙon bai kai rabin kuɗin kujera ba. Amma wannan sai kana da wanda ka yarda da shi a can, yarda kuma ba ta samuwa sai an ga juna ko sau ɗaya. Yanzu yana da lambar mai zare da ta mai gyaran keke da ta direban da ya dawo da shi, kuma zaren babbar salla ta saƙo ya zo masa bai taka ko'ina ba. Keken kuma ya fanshi kansa tun a ɗinkin azumin.

Har yanzu dai ba mu daidaita ba a kan guntu-guntu. Shi yana nan a kan cewa dabarar ba ta da laifi, rashin sani ne da tashin rana, in ya fita da asuba da karne a hannu da 'yar nairarsa a aljihu zai yi ta a jika 6 ya isa kafin azahar, kuma wannan karon ta Magarya yake son gwadawa don wai an ce ta fi sauri. Mai yiwuwa ya yi gaskiya, masu zuwa duk mako haka suke yi. Na ce to ya fara zuwa a yi masa allurar tukuna. Ya ce bayan salla. An yi ƙarama an yi babba, jiya na tambayi uwarsa ta ce bai je ba.